Hali zanen dutse ne: to mai son gyara halinsa fa?

Mai Neman Gyara:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Jiya na yi wa ƙanena tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, caza ce kawai ya ɗauka bai faɗa min ba, ina cikin faɗan sai na ji yayarmu daga ɗaki tana cewa ku ƙyale shi, hali zanen dutse ne. Wallahi maganar ta tsaya min a rai har asuba, don na daɗe ina fama da saurin fushin nan, ina sallah ina azumi ina istigfari, amma da an taɓa ni sai in hau. To in har zanen dutse ne, me nake wahalar gogewa?

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni a ganina ba a yi karin maganar nan don mutum ya faɗa wa kansa ba. Gargaɗi ne ga mai zama da mutum, kamar yarinyar da za ta auri mashayi tana cewa ai zan gyara shi, sai a ce mata ki yi hattara. Amma ka ɗauke ta ka ɗora wa kanka? Ka ba shaiɗan hujja kenan.

Tsohon Ɗalibi:
Hajiya ban yarda gaba ɗaya ba. Magabata ba su faɗi abin a banza ba, ai su ne suka ce mai hali ba ya fasa halinsa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Akwai abin da aka halicci mutum da shi. Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙais, Annabi (SAW) ya ce masa yana da halaye biyu da Allah ke so, haƙuri da natsuwa, sai Ashajju ya tambaya ni na koye su ko an halicce ni da su, aka ce an halicce ka da su.

Malamin Dare:
Ku duka biyun kun taɓo gaskiya amma kun haɗa hali da sabo, ai Bahaushe ya raba su, shi ya sa ya ce sabo turken wawa. Turke kuwa ana tuge shi. Imam Gazali da ya rasu a 1111 miladiyya ya yi wannan muhawarar a littafinsa Ihya'u da masu cewa hali ba ya canzawa, ya ce in haka ne wa'azi da tarbiyya duk sun tashi a banza kenan, alhali ana horar da doki mai tutsu ya ladabtu, ana horar da shaho. Bai ce a kashe fushi ba fa, ya ce a sa masa linzami. Zafin zuciyarka Mai Neman Gyara wataƙila shi ne zanen, amma tsawar da ɗaga muryar nan sabo ne.

Mai Neman Gyara:
Allah ya saka Malam. To ta ina zan kama? Don ni sai na gama nake tunawa.

Malamin Dare:
Da farko haka ne, bayan an gama ake tunawa, daga baya a tsakiya, sai wata rana ka tuna tun kafin ka buɗe baki. Ka ce a'uzu billahi, in kana tsaye ka zauna, in fushin bai sake ka ba ka kishingiɗa, duk hadisi ne ya koyar. Kuma kar ka ɗauko halaye biyar lokaci guda, ɗaya tak, aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko kaɗan ne.

Uwar Biyu:
Ni gulma ce ta dame ni, ba na ɓoyewa. Na sa wa kaina doka duk wadda na ci namanta sai na yi mata addu'a da sunanta a sujada, abin da nauyi wallahi, harshe har ƙin juyawa yake. Ban daina tas ba amma yanzu in hira ta karkata ina jin ƙirjina ya yi nauyi sai in miƙe.

Tsohon Ɗalibi:
To ai kin ga Hajiya, zanen na nan kenan tunda ba ki daina ba.

Uwar Biyu:
Yana nan ɗan'uwa, amma da ni ke buɗe hirar, yanzu ni ke tashi.

Mai Neman Gyara:
Bari in je in nemi ƙanen nawa tukuna, tun jiya bai shigo ɗakina ba.