Maganarmu na gaban alƙali, wa zai biya bashin gida?

Assalamu alaikum 'yan uwa, ku ba ni shawara don Allah. Ni na nemi rabuwa da maigidana, an kasa sulhunta mu a fada, magana ta koma gaban alƙali nan Maradi. Wata 3 ke nan ina gidanmu a Bagalam.

Gidan da muka zauna da shi na haya ne a Ali Ɗan Sofo, amma takardar wuta da sunana take fitowa, har jikka 38 sun taru. Sai firijin da muka ɗauka bashi, ni na sa hannu, da shi nake sayar da ƙanƙara da zoɓo, yanzu firijin yana ɗakin maigidan. Jiya mai shagon da ya ba mu firijin ya zo har zauren babana, kunya kamar in nitse.

Iyata ta ce kar in biya ko dala. In na biya na riƙe takardu, alƙali zai lissafa mini su wajen mayar da sadaki? Ko in jira hukunci?