Zanen bayolin da fensir: gefe ɗaya kullum sai ya fi ɗaya kumbura

Ummin_Zane:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Malaminmu na darasin zane ya ce kowa ya zaɓi abin kiɗa ɗaya ya zana da fensir zalla, ba launi. 'Yan ajinmu duk sun ruga kan ganga da kalangu, ni kuma na ce bayolin, gogen Turawan nan. Ban taɓa riƙe shi ba, hoto ne kawai a waya. In na faro daga kafaɗa na zagayo, sai gefen dama ya fi na hagu kumbura, wuya ya karkace, ƙarshe abin ya koma jita. Ramukan nan biyu masu siffar harafin f ma ban san inda zan sa su ba. Fensirin HB da 2B gare ni. Don Allah a taimaka, Litinin za a karɓa.

MaiAllo:
Wa alaikumussalam ƙanwata. Kada ki fara da gefe sam. Ɗauki rula ki ja layi ɗaya a tsaye, a hankali da HB yadda zai gogu. Duk abin da ke jikin bayolin a kan layin nan yake rataye.

Sai awo. Jikin babban bayolin tsawonsa wajen santimita 35 da rabi ne, idan aka haɗa da wuya da kai ya kusa 60. Faɗin sama kusan 17, ƙugu kusan 11, ƙasa kusan 21. A takardar A4 raba komai uku: tsawo duka 20, jiki 12, faɗin ƙasa 7, na sama 5 da rabi, ƙugu bai kai 4 ba. Kowane faɗi ki raba shi biyu, ki ɗiga rabi a dama rabi a hagu. Sai kin gama ɗige-ɗigen nan za ki haɗa su, kuma kada ki gama gefe ɗaya tukuna ki koma ɗayan. Kafaɗar hagu, kafaɗar dama, ƙugun hagu, ƙugun dama, haka har ƙasa.

Abin da ke mayar miki da shi jita ƙugun ne. Ba irin na kalangu ba ne da ke shiga a hankali ya fita a hankali. An yanke shi ne siffar harafin C, yana da kusurwa huɗu masu tsini da suka leƙo waje. Fitar da tsinin nan, ko yaro zai gane bayolin ne.

Ramukan kuwa, nemo mazaunin jaki tukuna, ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa kansa. Yana wajen santimita 19 da rabi daga bakin jikin na sama, wato ya ɗan gota tsakiya, a takardarki 6 da rabi ke nan. Kowane rami yana da ɗan tsagi a tsakiyarsa, kuma tsagin a saitin jaki yake. Kawunan ramukan na sama suna matsowa ciki, na ƙasa suna buɗewa waje, ɗaya kishiyar ɗaya.

Baban Hanifa:
Malam ya yi bayani, amma ni ga hanyar ragwaye. Ninke wata takarda biyu, zana rabin jikin a bakin ninkin, ɗora a gilashin taga da rana ki bi sawunsa a ɗaya gefen. Shi ke nan.

Inda na fi so ki kula shi ne inuwa. Fuskar bayolin ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, ta ɗan tasa a tsakiya, ga man da aka shafa mata yana sheƙi. Ki bar wani wuri fari fat inda haske ya sauka, ki ƙara duhu wajen gefe da ƙarƙashin dogon baƙin katakon da ake danna yatsu a kai. Katakon nan ba a kwance yake kan fuskar ba, akwai sarari tsakaninsu, inuwar ce za ta nuna hakan. 2B ba zai ba ki baƙinsa sosai ba, in da hali sayi 4B ko 6B. Kada ki murza da yatsa, maiƙon hannu yana ɓata takarda, nannaɗe 'yar takarda ki murza da ita.

MaiAllo:
Baban Hanifa, dabarar taga sai in hoton gaba da gaba aka ɗauka. In an ɗan karkata shi, gefen da ke nesa ya fi siranta, ninki ba zai ba ta wannan ba. Kuma ranar jarrabawa babu taga.

Rifkatu_J:
Sannunku. Ni ba na zane, amma ina goga shi a ƙungiyar mawaƙan majami'armu, bari in faɗi abin da nake gani masu zane suna kuskurewa. Tsirkiya huɗu ce, ba shida ba, a matse suke a sama, suna buɗewa yayin da suke gangarowa kan jaki. Maƙullan ɗaure su biyu dama biyu hagu, amma ba a saiti ɗaya suke ba, hawa-hawa ne. Akwai kuma siririn layi da ke zagaye fuskar dab da baki, shi ke sa zane ya yi kama da na gaske.

In za ki sa bakan gogawa, kada ki bi na gogenmu da ya gantsare waje. Na bayolin sandarsa ciki take lanƙwasawa, wajen izgar, kuma ya fi bayolin ɗin tsawo, kusan santimita 75.

Matokarin haɓa, inda mai gogawa ke ɗora haɓarsa, yana ƙasa ta hagu in kina kallon fuskar. Idan hotonki na tsofaffin nan ne na birnin Kiremona a Italiya, irin na masassaƙin bayolin Antonio Stradivari da ya rasu a 1737, kina iya ganin babu shi. Sai wajen 1820 makaɗin bayolin Louis Spohr ya ƙirƙiro matokarin.

Ummin_Zane:
Allah ya saka da alheri, jikin ya zauna. Anti Rifkatu, naɗin nan na kan bayolin, can ƙarshen wuya fa? Nawa ya cunkushe.

Rifkatu_J:
Ta gefe ne ake ganin naɗin sosai. Ta gaba 'yan kunnuwa kawai za ki gani sun leƙo dama da hagu, da layi a tsakiya. Ƙara girman hoton a waya ki duba.