Ruwan nano na jan ƙarfe a bututun kwashe zafi: wa ya gwada?

Ɗalibar Injiniya: Assalamu alaikum. Ina aikin kammala digiri a kan zuba ruwa mai ƙwayoyin jan ƙarfe ƙanana ƙwarai (shi ake kira ruwan nano) a bututun kwashe zafi, wato rufaffen bututu da ruwan cikinsa ke tafasa a gefe ɗaya ya kai zafin ɗaya gefen. Bayan na rufe bututun, ɓangaren da ke kan wuta ya fi yin sanyi a kan wanda na zuba wa tsabtataccen ruwa. Amma ragowar da na bari a kwalba ta kwanta a ƙasa, ta yi baƙi. Haka abin yake a wurinku?

Ɗan Lab: Wa alaikumus salam. Namu ma haka ya yi. Jan ƙarfe mai ƙanƙanta haka ba ya jure iska, nan da nan yake tsatsa. Mun riƙa girgiza shi da na'urar sauti kafin zubawa, ya ɗan daɗe bai kwanta ba, amma daga baya ya kwanta.

Malamin Zafi: Ƙanwata, ki lura da abu ɗaya: ƙwayoyin ba sa tashi da tururi. Ruwa ne kawai ke tafiya can ɓangaren sanyi ya dawo ta lagwani, wato shimfiɗar da ke jikin bangon bututun mai tsotso ruwa, su kuwa suna nan inda aka dafa su. Da muka yanka namu, sai ga ɓawo ya shafe lagwanin ta wajen wuta. Wannan ɓawon ne ke sa ruwa ya fi jiƙa bango, kuma a ganina daga nan ribar take fitowa. Alƙaluman da kowa ke kawowa, na Eastman da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta Argonne da ke Amurka a 2001, cewa kashi 0.3 cikin 100 na jan ƙarfe ya ƙara gudun zafi da kusan kashi 40, a ethylene glycol (sinadarin ruwan sanyaya inji) aka auna su, ba cikin bututu mai tafasa ba.

Mai Gyaran Laptop: Ni dai duk wanda na fasa na laptop, ɗan ruwa ne da garin jan ƙarfe manne a bango. Ban taɓa ganin mai baƙin ruwa ba.

Ɗan Lab: Malam, mu da muka ƙara yawan ƙwayoyin, abin baya ya ci, lagwanin ya toshe. Sinadarin hana kwanciya kuma kumfa ya kawo mana.

Malamin Zafi: To ka gani. Ƙanwata, ki zuƙe iskar ciki sosai kafin ki rufe, sannan ki sake aunawa bayan makonni, kada ki tsaya kan awon ranar farko.

Ɗalibar Injiniya: Na gode, Malam. Zan yanka guda ɗaya in duba lagwanin.