An sauke ni daga rukunin farko saboda lissafin intanet

Abu Haidar: Salam 'yan uwa, ku yi haƙuri zan ɗan amayar da abin da ke cina tun ranar Lahadi. Wasunku sun san shekara huɗu ke nan ina cikin wata ƙungiyar harbi da bindigogin dauri a nan Amurka, irin waɗanda suka yi yaƙin basasarsu da su daga 1861 zuwa 1865, ta baki ake ɗura albarushi, a tura dalma da sanda, a ɗora 'yar hular tagulla sannan a ja kunama, harbi ɗaya sai ka sake ɗuri. Uwar ƙungiyar sunanta North-South Skirmish Association, tun 1950 ake yi, sau biyu a shekara ake babban taro a filinsu na Fort Shenandoah kusa da Winchester a jihar Bajiniya. Mutum takwas ne a layi, a manna muku fayafayan yumɓu 32 a jikin kwali a yadi 50, ana busawa kowa ya buɗe wuta har sai na ƙarshe ya fashe, agogo ne alƙali. To kyaftin ɗinmu sai ya buɗe wani shafi a intanet, bayan kowane zagaye kowa ya faɗi nawa ya fasa a shigar, shafin ya raba lokaci da adadi ya fitar wa kowa sakan nawa yake ci kafin ya fasa ɗaya. Da wannan aka sauke ni daga rukunin farko zuwa na biyu, babu ko kiran waya. Ni kuwa na ce lissafin banza ne wlh, mutum takwas na harbi lokaci guda cikin hayaƙi kamar an cinna wa juji wuta, wa ya ga dalmar wa ta fasa? Wanda ya fi baki shi ya fi maki. Ba a auna 'yan bindiga da kwamfuta.

Maman Khalifa: Innalillahi. Abu Haidar da bakinka kake cewa kai ɗan bindiga ne? Dan Allah ka goge kalmar nan.

Sani Gusau: Hajiya kin riga ni. Malam kana can kana fasa yumɓu ranar hutu kuna kiran kanku 'yan bindiga, mu nan in aka ce 'yan bindiga sun shigo ba wanda ke tsayawa neman takalmi. Kalmar nan ba ta wasa ba ce a wajenmu, ka nemi wata.

Ɗan Birni: Allah ya kawo muku sauƙi Malam Sani, amma gaskiya ɗaya ce, kalmar ta girmi ɓarayin daji. Duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah a Kano ya ga 'yan bindigar sarki suna ɗura albarushi suna sakin ƙara a gaban tawaga, har sarautar Sarkin Bindiga akwai. Su ne 'yan bindiga na asali. 'Yan jarida ne suka ɗauki sunan suka liƙa wa ɓarayi, yanzu kuma mu za a hana mu faɗa?

Sani Gusau: Kai komai sai ka kai shi fada. Je ka tasha yau ka ce kai ɗan bindiga ne ka ga ko wani zai tambaye ka na wane sarki.

Maman Khalifa: Ya ce maharba mana, shikenan an huta.

Jikan Sarkin Baka: A'a Hajiya, nan kuma ba mu yarda ba. Maharbi shi ne wanda ya kwana daji, ya san sawu, ya san iska, ya san abin da ake yi kafin a tunkari nama. Wanda ke harbin kwali da ba ya gudu ba ya cizo ai ba maharbi ba ne. Kakana da adakarsa guda ya ciyar da gida, bai taɓa rubuta maki ba.

Abu Haidar: Jama'a ni fa maganar shafin lissafi na kawo.

Injiniya Bash: Bari in taimake ka tunda kowa ya tafi nahawu. Rabin maganarka daidai ne rabi kuma ɗacin rai ne. Inda kake da gaskiya, lissafin da mutum ke ba da rahoton kansa ba abin dogaro ba ne, musamman faifan ƙarshe da duk ku takwas kuke auna shi tare, in ya fashe mutum uku za su rantse nasu ne. Gwajin ma mai sauƙi ne, ku tara abin da kowa ya faɗa, in ya wuce 32 ka san an yi ƙari. Kuma mai saurin ɗuri yana kwashe nasa tun hayaƙi bai taru ba, wanda ya tsaya share ragowar masu wuya sai lissafinsa ya yi muni alhali shi ya rufe wasan. Amma wannan ba ya nufin a watsar da alƙaluma, gyara su ake yi. A gasar duniya ta MLAIC, wato hukumar duniya ta masu harbi da bindigogin da ake ɗurawa ta baki, takarda ake harbi, harbi 13 cikin minti 30, a ɗauki goma mafi kyau, kowa da takardarsa babu gardamar wa ya yi. Ku ma ai kuna da gasar ɗaiɗaiku a kan takarda, me ya sa ba a duba wannan ba? Kuma ka faɗa mana lambar da shafin ya fitar maka da ta wanda ya maye gurbinka.

Abu Haidar: Injiniya harbin takarda daban ne, can kana da lokacin numfasawa ka gyara tsayuwa. A layi sauri ne, sojan wancan zamanin ma harbi uku a minti ake nema a wajensa, ga bututu yana zafi yana datti dalma tana ƙin shiga. Akwai wanda a takarda gwani ne amma da an busa sai hannunsa ya kama rawa.

Injiniya Bash: Na ji. Lambar fa?

Abu Haidar: Ba lamba ce matsalar ba, tsarin ne.

Sani Gusau: Hhhh ashe dai an kayar da kai ne. Da shafin ya ɗora ka a sama da yanzu hotonsa ka turo mana.

Ɗan Birni: Ku bar bawan Allah. Ni dai na san Abu Haidar tun muna makaranta ba ya ƙarya, in ya ce an zalunce shi to an zalunce shi. Kuma kar ku manta shi kaɗai ne baƙar fata a ciki watakila.

Abu Haidar: A'a Ɗan Birni kar ka sa min wannan a baki, ban ce wariya ba ce, mutanen suna girmama ni.

Malama Zee: Tsaya tukuna. Na duba hotunan ƙungiyar nan, kowa sanye da kakin sojan wancan yaƙin, wasu shuɗi wasu ruwan toka. Ruwan tokan nan ba na 'yan Kudu ba ne da suka yi yaƙi don a ci gaba da bautar da baƙaƙe? Yaya Abu wanne kake sawa?

Abu Haidar: Shuɗi nake sawa, na Arewa. Kowace ƙungiya tana ɗaukar sunan wata runduna ta gaske da kakinta, haka tsarin yake.

Malama Zee: Amma kana tsayawa layi ɗaya da masu ruwan tokan kuna cin abinci tare, ni wannan ya fi damuna a kan wani maki.

Ba'ana Yerwa: Malama bar shi ya sa shuɗinsa, gado ne, amma gadonmu ba nasu ba. Muhammad Ali ɗan Sa'id da Turawa ke kira Nicholas Said haifaffen Kukawa ne a ƙasarmu ta Borno, an kama shi bawa yana yaro, ya zaga duniya, a 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts ya sa wannan shuɗin. Kuma tun ƙarni na 16 Mai Idris Alooma, sarkin Borno, yake da masu harbin bindiga da Turkawa suka horar. Don haka in ana maganar asalin 'yan bindiga Ɗan Birni ya koma layin baya.

Ardo Ɗan Fulani: Babarbare da tarihi sai ka ce shi ya rubuta. Duk bindigogin naku me suka hana lokacin da muka shiga Gazargamu, tsohon babban birninku?

Ba'ana Yerwa: Kun shiga kun kwana nawa? Shehu Laminu ya koro ku da sandunanku. Je ka duba shanunka bawana.

Ardo Ɗan Fulani: Wa ye bawan wani, ai mu ne iyayen gidanku har gobe.

Jikan Sarkin Baka: Ni har yanzu ina kan bakana, ba maharbi ba ne.

Maman Khalifa: Kuma har yanzu bai goge ba.

Injiniya Bash: Abu Haidar shawara ta ƙarshe, ka ce wa kyaftin ɗin ya sa mutum ɗaya a bayan kowane mutum biyu yana ƙirgawa, ko a kafa waya tana ɗaukar bidiyo, kuma a haɗa wasanni da yawa ba na rana ɗaya ba. In bayan haka kana ƙasa to sai ka koma atisaye.

Abu Haidar: Wa zai ga wani abu a bidiyo cikin wannan hayaƙin? Kai ba ka taɓa shaƙar albarushi ba shi ya sa.

Ɗan Birni: To a matsayina na adimin bari in rufe. Abin da aka cimma: an tabbatar kalmar 'yan bindiga ta fada ce tun asali, Malam Sani bai kawo hujja ba sai tasha. An kuma yarda shafin lissafin nan ba shi da inganci, Injiniya da kansa ya ce mutum uku na iya rantsuwa kan faifai ɗaya, don haka an zalunci ɗan uwanmu ya kamata a mayar da shi rukunin farko. Maganar Borno ba ta cikin tsari. Na rufe.

Injiniya Bash: Rabi na ce. Kuma har yanzu ba mu ga lambar ba.