Komawa karatun ergoterapi bayan shekara 40: abin da aka faɗa a fadarmu

Daren jiya a fadarmu ta Birni, nan Damagaram, wani yayanmu ma'aikacin jinya mai shekara 43 ya ce yana son komawa karatun ergoterapi, wato koya wa wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki ko naƙasa yadda zai sake cin abinci, sa riga da alwala da kansa. Sai da shayi ya kai na uku ana magana.

Kan shekaru, babu wanda ya tsaya. Wani dattijo ya ce masa: "Ƙanena, tsohon da hannunsa ya mutu ya fi sakin jiki da mai furfura." Na yarda da shi ƙwarai.

Inda aka daɗe shi ne kuɗi da iyali. Ƙungiyar masu wannan aiki ta duniya, WFOT, ta shar'anta aƙalla awa 1,000 na koyon aiki tare da marasa lafiya, kuma lokacin nan ba ya barin mutum ya riƙe wani aikin sosai. Aka ce ya zauna da uwargida tun yanzu, su lissafa hatsi, haya da kuɗin lakkwal na yara kafin ya taɓa albashinsa.

Sai zaɓin wuri. A Faransa shekara 3 ne, a Amurka sai da mastar, a Najeriya akwai jami'ar Ile-Ife amma da Turancin Ingilishi. Aka ce ya tabbatar WFOT ta amince da makarantar da zai zaɓa, ya kuma sake bitar ilimin sassan jiki kafin ya tafi.