Neman shawara: an ce ɗana zai yi allurar insulin har ƙarshen rayuwarsa

Mai neman shawara: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a sakaya sunana. Ɗana na fari shekararsa 13. Tun bayan babbar sallah yake ramewa, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ga fitsarin kwance, abin da ya bari tun yana ƙarami. Uwar mijina, Hajiya, ta ce sammu ne, har tana yi wa abokiyar zamana habaici, alhali ni da ita sau ɗaya muka taɓa sa-in-sa, shi ma kan rabon girki ne lokacin da na yi jego, kuma mun shirya tuni. Ranar da ya kama amai yana numfashi da ƙyar muka kai shi asibiti, aka ce ciwon suga ne nau'i na ɗaya. Yanzu Hajiya ta sa an kawo jiƙo daga ƙauye, ta ce a bar allura. Yaron ya daina fita ƙwallo, ya ce shi kam ta ƙare masa. Ya zan yi?

Baban Khalifa: Maman yaro, kwantar da hankalinki, ni na daɗe da ciwon nan. Obasanjo da bakinsa ya ce ya haura shekara 30 da suga, ga shi ya wuce 85 yana ta yawonsa. Sirrin duk a abinci yake: acha, tuwon alkama, zogale, shuwaka. A hana shi lemon kwalba. Allura idan jiki ya saba da ita shi ke nan.

Anti Nas: Baba, ka yi haƙuri, naka daban nasa daban. Mai nau'i na biyu jikinsa yana yin insulin, wato sinadarin da ke sauke suga a jini, amfani da shi ne ya yi rauni, shi ya sa abinci da motsa jiki da ƙwaya irin metformin suke taimaka masa. Wannan yaron jikinsa ya daina yi. In aka tsayar da allura, aman nan da numfashin za su dawo, kuma suna kisa cikin 'yan kwanaki. 'Yar uwa, yau an yi masa kuwa?

Maman 'Yan Biyu: Ni da na yi sugan goyon ciki, maigida ko tsinken gwaji bai taɓa saya min ba, sai da na sayar da ɗankunnena. Ga rashin wuta, sai a gefen randa nake ajiye kwalbar insulin ɗin. Maza ku ji tsoron Allah.

Baban Khalifa: Anti Nas, ku kullum sai tsorata mutane. Yaro ɗan 13 ina ya ga suga in ba alawa ta yi masa yawa ba?

Anti Nas: Ba alawa ke kawo shi ba, Baba. Garkuwar jiki ce ke lalata ƙwayoyin da ke yin insulin. Theresa May ta haura shekara 50 aka gano nata, tana allura ta zama firaministar Birtaniya a 2016.

Ɗan Madrid: Umma, ki nuna masa Nacho. Yana ɗan shekara 12 aka gano masa irin wannan, kuma shi ne kyaftin ɗin da ya ɗaga wa Real Madrid kofin zakarun Turai a 2024. Yaronki ya koma ƙwallonsa, amma ya riƙa tafiya da dabino ko sukari a aljihu saboda in ya ji rawar jiki da gumi, alamar suga ya sauka da yawa.

Mai neman shawara: Na gode. Ni ban tsayar da allura ba, ta dare kawai na ɗaga masa kwana biyu don a ga aikin jiƙon. Ba ku san Hajiya ba, in na ƙi za ta ce na raina ta, kuma a gidanta muke zaune.

Anti Nas: Don girman Allah ki gwada sugansa yanzu, ki yi masa ta daren yau yadda likita ya rubuta, gobe ku koma asibiti tare da babansa. In ya fara amai kada ku jira gari ya waye.

Baban Khalifa: A dai ƙara da zogalen, za ki ba ni labari.

Mai neman shawara: Babansa ya yi tafiya sai Juma'a. Ni yanzu abin da nake tambaya, ya zan faɗa wa Hajiya ba tare da ta yi fushi ba?