Rijiyarmu da maganin ciyawa, dan Allah a ba ni shawara

Salamu alaikum 'yan'uwa. Muna zaune ne ta bayan Rigachikun, rijiyarmu tana jikin katanga, bayan katangar kuma gonar masara ce, duk farkon damina sai mai gonar ya yi feshin maganin ciyawa da ake kira atrazine, har robobin ake yarwa a kwata ruwan sama ya kwaso su zuwa ƙofar gidanmu. Na ji ana cewa irin maganin nan yana da alaƙa da ciwon daji, ga shi ruwan muke sha, da shi nake dama wa jaririyata koko. Tafasawa ta isa? Kuma wai babu doka ne a kai?

Malamin gona: Wa alaikumus salam Hajiya. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta cire atrazine. Shi maganin yana daɗewa a ƙasa yana bin ruwa, dalilin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shi kenan tun 2004. NAFDAC ma ta sanar da hana shi daga farkon 2025, amma ki shiga shagunan maganin feshi ki gani, sanarwa daban bibiya daban, abin na damuna wallahi. Ki ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta ki je cibiyar albarkatun ruwa ta ƙasa da ke Mando ki tambaya ko za su gwada miki.

Wata uwa: 'Yar'uwa kafin a gwada ɗin nan ki canza wa jaririyar ruwa tukun, ko na leda mai lambar NAFDAC ne. Wanki da shara sai a yi da na rijiyar.

Mai sayar da hatsi: Ku duba wake ma fa. Wasu Sniper suke zubawa saboda ƙwari, shi ya sa Turai ta daina karɓar wakenmu a 2015. In kika ji wari kamar na fiya-fiya kar ki saya. Ni buhun PICS nake sawa, wato mai leda a ciki da ke hana iska shiga, ba magani ko ɗigo.

Baba manomi: 'Yata kar ki fara da hukuma. Maigidanki ya samu mai gonar da mai unguwa cikin mutunci, a roƙe shi ya bar tazara daga katanga ya nome wurin da fartanya, ya daina yar da robobin. Yawancinmu ba a taɓa yi mana bayani ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, yau in Abbansu ya dawo zan faɗa masa. Malam, kwalba nawa ake kaiwa?